Mai Kwashe Ragowar Kaz

A unguwarmu ta kudancin birnin Milwaukee a Amurka, idan aka ambaci Lottie Wroblewski, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne wata gajeruwar mata tsaye a gefen hagu na layin boling, wasan zubar da kwalaben katako da ƙwallo, ta rungume ƙwallo, idanunta kamar na mai jiran bas. Sunanta na baftisma Leokadia, amma ban da Fada, limamin cocinsu, babu mai wahalar da harshensa. Ta yi ɗinkin safar hannu a masana'anta har furfura ta cim mata, ta haifi huɗu, ta binne ɗaya. Idan ta naɗe nama a ganyen kabeji ta dafa, ko wanda ba ya ga maciji da ita sai ya miƙo kwano a ƙara masa. Duk da haka ba da waɗannan aka san ta ba. An san ta ne da kwashe abin da mijinta ya bari.

Mijin, Kaz, ƙato ne mai aiki a wurin narkar da ƙarfe, muryarsa ta saba da ƙarar injuna har ta manta yadda ake magana a hankali. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, su biyun sukan sauka ɗakin ƙasa na mashayar Ziggy, inda layukan katako ke sheƙi da mai a ƙarƙashin hayaƙin taba. Wasan ma'aurata ake yi a ranar, miji da mata jifa ɗaya kai, jifa ɗaya ni. Kwalaben katako goma na jere a ƙarshen layi. Mai farawa ya zubar da abin da ya iya, na biyu ya kwashe saura, haka har zubi goma.

Jifan Kaz abin kallo ne, shi ma kuma ya san da haka. Yakan murɗa hannu wajen saki, ƙwallon ya tafi ta bakin kwatar gefen layi kamar zai faɗa, sannan ya yi kwana ya auka tsakiyar kwalabe da ƙara har kofunan giya su motsa a sama. Sai dai sau da yawa idan ƙura ta lafa, akan ga guda ɗaya tsaye a kusurwar dama, ko gezau.

"Ga 'yar gidanki can tana gaishe ki," Kaz zai ce yana goge hannu. "Na bar miki ne don kada ki zauna haka nan."

"Sannu da ƙoƙari, mai kyauta," in ji Lottie.

Da farkon aurensu ya nace sai ya koya mata murɗa hannu irin tasa. Ta koya, amma ƙwallon da aka murɗa ba ya son kwalbar kusurwa: yakan nufe ta, ya zo daf da ita, ya kauce ya wuce. Wata Lahadi, tana da cikin fari, ta tashi jifa hankalinta na kan wani labule mai ruwan ƙwai da ta gani a tagar kanti, sai ta manta ba ta murɗa ba. Wuyan hannunta ya tsaya a miƙe, tafin ya zauna a bayan ƙwallon, babban yatsa ya fara zamewa daga raminsa na jikin ƙwallon, sauran biyun suka bi shi, hannun ya ƙare a buɗe yana kallon sama kamar mai miƙa wa yaro alewa. Ƙwallon ya ratsa layin a karkace daga hagu zuwa dama, ba hayaniya, ya taɓa kwalbar ta kwanta.

Tun daga ranar hanyarta ke nan. Matan unguwa sun sha tambayarta inda take sa ido, takan nuna musu wurin tsayawa da yadda ake ajiye hannu, ba ta ɓoye komai ba. Abin da ba ta iya koyarwa shi ne tafiyar da hankalinta ke yi. Da ta ɗaga ƙwallo sai ɗakin ya yi nisa, ƙarar sauran layukan ta koma kamar tsawar da ake yi a wani gari. Wani lokaci takan tsinci kanta a bakin tafki da rani, ƙafafunta cikin ruwan sanyi. Wani lokaci a kicin ɗin mahaifiyarta, tururi ya rufe gilashin taga. Bayan rasuwar ƙaramin ɗansu, shekara guda cur wurinsa take zuwa, ta zauna a bakin gadonsa ta gyara masa bargo, ta dawo ta tarar kwalbar ta faɗi ana tafi. Ranar da ta sa abin a rai kuwa, babban yatsan yakan damƙe ramin, ƙwallon ya makara wajen fita ya bi kwata.

Haka zamansu ya kasance har a gida. Kaz ya fara fentin shinge da waƙa, Lottie ta ƙarasa kusurwoyin. Kaz ya yi wa maƙwabci tsawa a kan wurin ajiye mota, Lottie ta bi da farantin abinci da yamma. Kada a ɗauka baƙin ciki take yi. Tana son mutumin nan da dukan hayaniyarsa, kuma a ganina, ita kaɗai ta gane cewa mai irin wannan ƙarfin dole ya riƙa barin wani abu a baya.

Tsufa ya zo musu ta wurare daban. Ita sanyin ƙashi ya kumbura mata babban yatsa, har Ziggy ya ƙara faɗin ramin ƙwallonta, amma duk da haka yana maƙalewa, kwalbar kusurwa ta fara tsallake mata fiye da yadda take kamawa. Shi kuma ƙashin bayansa ne ya gaji. Likita ya sa ranar tiyata, wata Litinin a tsakiyar hunturu, ya kuma faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin Kaz ba zai sake ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi ba. Suka shiga mota suka nufi gida. Da suka tsaya a ƙofa ya ce, "Lahadi dai ai tawa ce."

Ranar Lahadin dusar ƙanƙara na sauka a hankali, 'yar tagar da ke saman bangon ɗakin ƙasa ta yi fari. Kowa ya san wasan Kaz na ƙarshe ne, saboda haka babu wanda ya ambata. Stella Gorski, ƙawar Lottie tun suna 'yan mata, ita ke rubuta maki, kuma bakinta bai huta ba.

"Kaz, wannan jifa ne ko ajiye kaya? Kakata ma ta fi ka murɗa hannu, ga ta a kabari."

"Rubuta abin da aka sa ki, uwar surutu. Mijinki kurma ne shi ya sa ya daɗe."

Aka yi dariya, amma Lottie tana ganin yadda yake cije leɓe duk sanda ya sunkuya. Maganar cin wasa ba ta taso ba, tuni Stella da mijinta suka yi musu nisa.

Zubi na goma ya faɗo a kan Kaz ne zai fara. Ya daɗe tsaye da ƙwallon, sannan ya taka, ya saki. Ƙwallon ya yi kwanarsa kamar a shekarun baya, ya auka, katako ya watse. Guda ɗaya ta rage a kusurwar dama.

A zubi na goma akwai ƙa'ida: idan na biyu ya kwashe saura, ana ƙara musu jifa ɗaya, kuma layin jifan zai koma kan wanda ya fara. Idan Lottie ta kama kwalbar nan, Kaz zai sake riƙe ƙwallo sau ɗaya. Idan ta kuskure, ya gama ke nan har abada. Stella ta ajiye fensir. Ziggy ya sauko rabin matakala da tawul a kafaɗa ya tsaya.

Lottie ta je gefen hagu, ta zura yatsu. Babban yatsan ya cika ramin tam, yana zafi. Ta jira ɗakin ya yi nisa, ya ƙi. Ta nemi bakin tafki, sai ga Kaz a ciki yana watsa ruwa. Ta nemi kicin ɗin mahaifiyarta, sai ga shi a bakin ƙofa da hula a hannu, ranar da ya fara zuwa. Duk inda ta juya shi ne, kuma tsoro ya kama ta sosai, ta ji yatsan yana ƙara damƙewa.

"Lottie," Kaz ya kira daga benci, da murya ƙasa-ƙasa irin wadda ba a san shi da ita ba. "Na ce, tagar ɗakin sama, kin rufe kuwa da muka fito?"

"Kai ne ka ce za ka rufe."

"To ban rufe ba."

Haushi ya fara zuwa mata, sannan ta ga ɗakin saman a ranta. Ta hau matakalar gidansu, ta tura ƙofa. Labule na kaɗawa, dusar ƙanƙara na shigowa ɗaya bayan ɗaya tana sauka a kan bargon gadonsu, a kan matashinsa da ya lotsa a tsakiya, ba ta narkewa. Ɗakin ya yi tsit, ya yi haske, sanyin ma mai daɗi ne. Ta miƙa hannu a buɗe don ta tari guda ɗaya.

Ihun Stella ne ya dawo da ita. Hannunta na sama, tafin a buɗe, kusurwar dama kuma babu komai.

"Kin ga tsohuwar nan!" Stella na bubbuga tebur. "Ido biyu take barci, ta fi mu duka!"

Kaz ya miƙe da kyar. Da ya zo wucewa ta kusa da ita ta ce, "Da gaske ba ka rufe ba?"

"Oho. Ni ma ban sani ba."

Ya ɗauki ƙwallonsa, ya shafa shi da tafin hannu kamar mai lallashin doki. Babu mai tari a ɗakin. Ya taka, ya sunkuya iyakar yadda bayan ya yarda, ya murɗa hannu da duk abin da ya rage masa. Ƙwallon ya bi bakin kwata, ya yi kwana, ƙarar ta cika ɗakin har sama. Tara suka zube. Ɗaya ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.

Aka tashi ana tafi, Ziggy na kaɗa tawul. Kaz ya juyo yana haki yana dariya, sai ya ga Lottie. Ta riga ta je gefen hagu, ƙwallo a ƙirji, yatsunta a rami, tana jiran ya kauce mata.

"Tsohuwa," ya ce. "Wasan ya ƙare."

"Ai ka bar ɗaya."

"Na sani. Wannan ba a kwashewa."

Ba ta motsa ba. Tana tsaye tana kallo sandar injin da ke jera kwalabe ta sauko, ta share kwalbar zuwa cikin duhu, sai da Kaz ya zo ya zare mata yatsan daga ramin a hankali.