Ƙaryar da Na Yi wa Kaka a Kan Dutsen Niƙa

Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Gwaska, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Inna ta sungumi ƙanwata da bargo. Ni na ɗauki waya da caja. Kakata kuwa, uwar babana, dutse ta ɗauka. Wallahi dutse. Ɗan dutsen niƙa, ƙaramin nan da ake murzawa a kan babban. Ta ƙulle shi a zani, ta yi ta ɗingishi da shi cikin daji har muka fito titi.

Da muka samu ɗaki a Birnin Gwari na fara tsokanarta.

"Amarya, duk kayan ɗakin da na yi miki, dutse kika gani?"

"Rufe min baki, mijin banza. Ko tsinke ka taɓa saya min?"

Babban dutsen yana can gindin tsamiyar gidanmu. Na uwarta ne, ita ma gada ta yi. Bayan sati biyu babana ya koma ɗebo masarar da muka bari a rumbu. Har yau shiru. Kaka ba ta taɓa cewa a je a nemo shi ba, ko sau ɗaya. Dutsen kawai take ambata. Da na fara acaɓa da mashin ɗin wani abokina, kullum da safe sai ta tare ƙofa.

"Maigida, yau dai ka kai ni. Mu ɗaure shi a baya mu dawo kafin azahar."

In ce ba mai. Gobe in ce taya ta yi faci. Wata rana muka neme ta muka rasa. Masu itace ne suka dawo mana da ita, sun tsince ta can bayan gari da sandarta, ta miƙi hanyar daji. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Na san in ban yi wani abu ba, wata rana ba mai dawo mana da ita.

Abin da na iya ke nan, shirya zance. Ina aji biyu na sakandare, kafin ni da boko mu raba gari, an taɓa kai mu gidan tarihi na ƙasa a Kaduna, kuma na tuna na ga dutsen niƙa a can. Sai na zauna kusa da ita na gyara murya.

"Ke ba ki ji ba? Ai gwamnati ta tura mota da sojoji, an kwashe tsofaffin kayan ƙauyuka an kai gidan ajiya. Dutsenki yana Kaduna, har fanka ake kunna masa. Ya fi ki jin daɗi."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To kai ni."

Na ja ta wata guda, ban tsira ba. Ranar da motoci suka samu rakiyar sojoji muka shiga mota sai Kaduna. A raina na ce dutse ai dutse ne, ga idonta ya yi rauni, kowanne na nuna mata shi ke nan.

Wata ma'aikaciya mai tabarau ce ta zagaya da mu, Hausarta da ɗan gargada amma tana da haƙuri. Ta ce tun kafin a haifi iyayena ake tara kayan nan daga ko'ina a ƙasar, wasu kyauta aka kawo, wasu tono su aka yi. Ta nuna mana kawunan mutane na yumɓu, ta ce masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsu. Na ce mu namu masu haƙar zinare bala'i kawai suka tono mana. Ba wanda ya yi dariya. Muka wuce ganguna, kwari da baka, masaƙa, wata ƙofa ta icce da aka sassaƙa. Kaka ba ta ko waiwaya. A gaban tukwane ne kawai ta tsaya ta ce wannan ba a gasa ta da kyau ba.

Sai ga dutsen niƙan a lungu, bayan igiya, da 'yar takarda a gabansa.

"Ga mutumin naki," na ce. "Kin ga har ya yi ƙiba."

Na ja ma'aikaciyar gefe na raɗa mata komai, har maganar babana. Na roƙe ta ta ce daga Gwaska aka kawo shi. Ta ce ba za ta faɗi abin da ba haka ba, amma za ta yi shiru. Da muka juyo, Kaka ta riga ta kwance ƙullin zaninta. Ashe da ɗan dutsen ta taho. Ni ban ma sani ba.

"'Yata, zan ɗora," ta ce.

Matar ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ɗaga igiyar da hannunta.

Kaka ta durƙusa kamar yadda take yi a gida, gwiwa biyu, ta shafa cikin dutsen da tafinta. Ta ɗora ƙaramin. Ta tura gaba. Sai ya yi ƙwal, ya karkace. Ta juya shi, ta sake turawa. Ƙwal. Gefe ɗaya na taɓawa, ɗayan na lilo.

Ni da na girma da injin markaɗe, ina zan san wannan? Sai daga baya Inna ta faɗa min. Shekara da shekaru ƙaramin yana cin babban, babban yana cin ƙaramin, har kwarin ɗaya ya zama daidai cikin ɗayan. Na wata ba ya zama a kan na wata. Ko makauniya ta sani.

Ina jiran zagi. Na ma shirya amsa. Ba ta ko dube ni ba, sai ta juya ga ma'aikaciyar ta tambaye ta.

"Mai wannan fa, tana ina?"

"Ba mu sani ba, Mama. An daɗe da kawo shi."

"Garinsu fa?"

"Takardar ta ce daga arewa."

"Arewa," in ji Kaka. Ta ƙara shafa shi. "Ta iya koɗa dutse, ko wace ce. Allah ya jiƙanta."

Ta miƙo min hannu na tashe ta. A mota na yi ta zuba, na ce wataƙila nata yana sito ba a fito da shi ba, na ce ai gwamnati ba ta sauri. Sai da muka kusa gida ta yi magana.

"Ba wanda ya je Gwaska, ko?"

Na ce, "Ba wanda ya je, Kaka."

"Ba wanda zai je," in ji ta.



Abin da nake so na samu. Ba ta ƙara tare min ƙofa ba, ba ta ƙara bin hanyar daji ba. Inna har godiya ta yi min. Washegari Kaka ta aika aka kira limamin unguwa, ta ce a yi wa babana addu'ar mamaci, abin da ta hana a yi kusan shekara guda. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni na raba goron.