Uban da Bai Ce Ɗana Ne Ba

Cikin duk shekarun da na yi a aikin jin daɗin jama'a, ban taɓa mantawa da ranar da na zauna gindin tsamiya a gidan mishan na bayan Gummi, ina roƙon wani bawan Allah ya ce ɗansa nasa ne, shi kuma ya ƙi. Ku da kuke aikin yanzu kun saba da uban da ya gudu ya bar ciyarwa. Ni na haɗu da wanda bai gudu ba, bai bar ciyarwa ba, amma saura ƙiris a tafi masa da yaro yana kallo.

A farkon shekarun 1980 ne, muna jihar Sakkwato, Bukkuyum ma tana ƙarƙashin Gummi. Ni mataimakin jami'i ne, ban daɗe da dawowa daga kwas a Kaduna ba, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar. Ga wanda bai san aikin ba, duk lokacin da wani ya nemi riƙon yaron da ba danginsa ba, ofishinmu ke bincike. Mu nemo dangi, mu ji ta bakinsu gaban shaidu, sannan mu ba kotu shawara. In uban yaro yana raye, maganarsa ce gaba da ta kowa, kuma da bakinsa ake so ya faɗa.

Gidan mishan ɗin na wani Bature ne da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Mutanen gari suka sa musu Malam Dauda da Hannatu, don sunayensu na asali sun fi ƙarfin bakinmu. Suna da ɗan ɗakin shan magani, amma abin da aka fi saninsu da shi shi ne karɓar jarirai da iyayensu mata suka rasu wurin haihuwa. Su shayar da su madarar gwangwani, in sun isa yaye dangi su zo su ɗauka. Mutane na da baki biyu a kansu, ni ma haka. Ana ƙorafi kan addininsu a majalisa, amma in uwa ta rasu ta bar jinjiri ɗan kwana uku, hanyar gidansu ake kamawa.

Sai aka yi musu canjin wurin aiki zuwa wajen Jos. Duk yaran da ke hannunsu aka zo aka ɗauka, ban da wani mai suna Bello, ɗan Fulani da ya kusa shekara uku. Malam Dauda ya zo ofis da kansa ya nemi izinin tafiya da shi, ya ce ba shi da kowa sai kaka wadda ba ta gani sosai.

Shugabana, Alhaji Sahabi, ya kira ni bayan Baturen ya fita. Ya ce, "An ce uban na nan da rai wajen Zugu. Ka tahi ka ji bakinai. In yac ce nashi na, a ba shi abinai. In yaƙ ƙi, shari'a ta san abin yi. Amma ka sani, in ɗan Musulmi yab bar garin ga cikin motar mishan da sa hannunmu, ni da kai ba mu ƙara kwana Gummi."

Na fara da gidan mishan. Na tarar da Bello manne da zanen Hannatu, ƙato da shi, kumatu kamar an hura. Ita ta ba ni labarin uban, Manu, da Hausarta mai tsalle-tsalle. Ta ce duk ranar kasuwa yana zuwa da gorar nono, ya ajiye a ƙofar madafa, ya koma can gindin tsamiya ya ba gidan baya, in ya huta ya tafi. Bai taɓa ɗaukar yaron ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Wata rana Bello ya rarrafa har wurinsa ya kama masa sanda, mutumin ya zare sandar ya miƙe ya yi tafiyarsa. Malam Dauda ya sha tambayarsa ko ɗansa ne, amsar ba ta canzawa: "Ba nau ba na, ɗan Inna na."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce musu ai wannan kunyar ɗan fari ce, kuma ta Fulani ta fi ta kowa. Ni kaina ɗan fari ne, har Innata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba.

Malam Dauda bai yi dariya ba. Ya ce, "Mun san wannan, Malam. Mun riƙe 'ya'yan fari da yawa. Amma in lokacin yaye ya yi, sai a turo baffa ya karɓa. Wannan ya wuce yaye da kusan shekara, ba wanda ya zo. Mun aika cewa za mu tashi, ba wanda ya zo. Kunya ce wannan ma?"

Nan dariyata ta tsaya. Na shiga kasuwa neman haske, na ƙara shiga duhu. Wani mahauci ya ce Manu na ganin yaron ne ya yi ajalin matarsa. Wata mai fura ta rage murya ta ce ai tun cikin ana ƙananan maganganu. Wani dillalin shanu ya ce mutumin ya taɓu, don ba Bafulatani mai hankali da 'yan'uwansa za su yi kudu da shanu da rani shi ya zauna a busasshen wuri. Kowa na rantsuwa, kowa da tasa.

Na hau babur na nufi rugar. Bukka biyu na tarar da 'yan shanu ramammu. Manu dogo ne siriri, ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har na gaji. Da na ambaci Bello sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Bana ruwa sun yi jinkiri, ranka shi daɗe." Na sake ambata, ya ce zai duba ɗan maraƙi. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ita ce ta yi magana daga bakin bukka, ta ce a kawo mata abinta. Amma da ta miƙo mini ruwa, wajen babur ta miƙa ƙwaryar. Na dawo gida ban san ko na ga uba mai kunya ba ne ko uba mai ƙiyayya, kuma ga ranar tafiyar Turawa tana matsowa.

Muka sa ranar zama a gidan mishan. Arɗon yankin ya zo a matsayin shaida, ya jawo Inna Dije da sanda, Manu na bayansu. Hannatu ta zauna da Bello a cinya. Na buɗe zama yadda aka koya mana, na tambaya wa ke neman yaron nan.

Arɗo ya ce, "Ɗanmu na."

Inna Dije ta ce, "Mijina na, a ba ni mijina."

Malam Dauda ya juyo a firgice. "Mijinta?" Sai da na tsaya na bayyana masa wasan kaka da jika, yana gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba. Kowa ya ce nasa ne, har wanda bai haɗa jini da shi ba, ban da mutum ɗaya da nake buƙatar ji daga bakinsa.

Na ce, "Manu, wannan yaron ɗanka ne?"

Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sanda. Na ga ba zai iya gaban uwarsa da Arɗo ba, sai na ja shi bayan ɗakin magani. Na ce, "To ga mu, ba kowa nan. Faɗa mini a kunne, ya wadatar."

Ya dube ni da mamaki. "Kai ba mutum ba na?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa in bai faɗa ba, za a sa yaron a mota a kai shi Jos, ya tashi da wani harshe da wani addini, ba zai ƙara ganinsa ba. Ya ɗago kai ya dube ni. Na ce a raina yau dai zai faɗa. Ya ce, "Abin da Inna tac ce, shi na."

Muka dawo gindin tsamiya. In na ba da shawarar a bar yaron, na saɓa ƙa'ida, kuma wataƙila na miƙa shi ga wanda ba ya sonsa. In na bari a tafi da shi, na raba ɗa da uba, ga kuma maganar Alhaji Sahabi a kunnena. Duk kwas ɗin Kaduna ba a taɓa gaya mana abin yi da uban da ya yi shiru ba.

Malam Dauda ne ya yi tambayar da ban yi tunaninta ba. Ya ce, "Malam Manu, in ba naka ba ne, me ya sa kake wannan doguwar tafiya da nono duk kasuwa? Muna da madara."

Wannan karon Manu ya amsa ba tare da jinkiri ba. "Nonon nashi na. Naggen tashi ta, ran suna anka ba shi. Ni kiwo kawai nika yi mai."

"Wa ya ba shi saniyar?"

Manu ya mayar da ido ƙasa. "Wanda yak kamata shi ba shi."

Arɗo ya gyara zama ya ce, "Bature, wurinmu uba ka ba ɗa nagge ran suna. Kana cewa ba a turo baffa ba. Baffannin sun yi kudu da shanu, rani biyu ke nan. Shi yaƙ ƙi bin su don kada nonon ga shi yanke. Masu yi mai magana sun tahi, shi kuma bakinai ba shi iyawa. Ni ma da ya gaya min da na zo tun bara, amma wa zai gaya ma?" Ya ƙara da cewa surukar shi Arɗon za ta taya tsohuwa rainon yaron.

Malam Dauda ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya yi wa matarsa magana da harshensu, ta girgiza kai, ya sake yi. Sannan ya ce da ni, "Malam, har yanzu ban gane ba. Amma na janye. Ba zan raba yaro da saniyarsa ba." Da mai nema ya janye, babu sauran shari'a, sai miƙa yaro ga dangi.

Hannatu ta tashi da Bello, ta wuce Inna Dije, ta tafi har gaban Manu ta miƙa masa. Ya mayar da hannuwa baya, ya ja da baya. Ta ƙara matsawa, ya ƙara ja. Inna Dije ce ta lalubo yaron ta goya shi, yana ihu yana kiran Mama. Manu ya yi gaba bai waiwayo ba. Hannatu ta juyo gare ni, fuska sharkaf da hawaye, ta ce, "In yaron nan ya wahala, hakkinsa na wuyanka." Maganar ta soke ni, don ni ma abin da na gani da idona bai kwantar mini da hankali ba.

Ba su daɗe da tafiya ba Hannatu ta ga sun bar bargon da Bello ba ya barci sai da shi. Ta ce sai an bi su. Malam Dauda ya tayar da Landiroba, na shiga don nuna hanya. Da muka kai gulbi mota ta kasa yashi, muka sauka muka tsallaka da ƙafa, muka hau gaɓa.

Daga nan muka hango su a cikin fadama. Arɗo da Inna Dije sun yi nisa can gaba, ba mai waiwaye. Bayan tsohuwa babu goyo. Manu ne a baya, Bello a kan wuyansa riƙe da malafarsa, dogon mutumin nan yana tsalle kamar ɗan maraƙi, yana yi masa waƙa da Fulatanci, muna jin ƙyalƙyalar yaron har inda muke. Ya sauke shi ya rungume, ya sa fuska a cikinsa, ya daɗe a haka.

Hannatu ta ɗaga bargon za ta yi kira, sai ta toshe bakinta da shi. Ta san in ya ji motsinmu zai dire yaron. Muka tsaya su biyu da ni na uku, har uba da ɗa suka shige cikin itatuwa. Ta miƙo mini bargon ta ce, "Gobe ka kai. Tsohuwa za ka ba."

Washegari na kai. Na tarar da Bello yana wasa da bakin sandar Manu, Manu na kallon wani wuri daban. Ya ce, "Inna, ga baƙo ya kawo kayan ɗanki."

Da na koma ofis Alhaji Sahabi ya ce, "Yac ce nashi na?" Na ce bai ce ba. Ya ce, "To kai mi kag gani?" Na faɗa masa. Ya ce shi ma ɗan fari ne, ya sallame ni.

Aikinmu ya koya mana jin ta baki, kuma ba laifi, baki ne shaida. Amma mutanenmu ba duk abin da ke ransu suke bari ya kai baki ba, wani lokacin ma abin da ya fi girma shi suka fi ɓoyewa. Tun daga ranar, kafin in tambayi mutum me ya ce, sai na fara tambaya wa ke takowa, wa ke kawowa, wa ya ƙi tafiya lokacin da kowa ya tafi. Na ƙara shekaru a Gummi, ina ganin Manu da Bello ranar kasuwa, ɗaya gaba ɗaya baya. Har na bar garin ban ji ya ce ɗana ne ba, ni kuma ban ƙara tambayarsa ba.