Ba-Komai Mai Aski da Kifayen Faɗa

Ba-Komai ake kiransa, don ko me aka yi masa amsarsa ke nan. Ya tsufa yana aski a ɗan shagonsa mai madubi a kowane bango, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, ko a kan masu juya kai ana gyara musu ƙeya.

Wata rana ya shiga shagon sayar da dabbobin gida don sayo wa jikarsa abincin zomo. A kan kanta ya ga an jera kofunan roba, kowanne da ɗan kifi kamar yatsa, jelarsa baje kamar mayafi. Ruwan ya yi kore, wasu kifayen sun kwanta a gefe guda.

"Waɗannan ba su da lafiya ne?" ya tambayi mai shagon.

"Hutawa suke yi, Baba. Beta sunansu. Ba sa son wuri mai faɗi."

"Su suka gaya maka?"

Ya sayi wanda ya fi galabaita, wani ja mai yagaggiyar jela. Ya nemo masa akwatin gilashi da ruwa mai tsabta, ya ajiye shi a shagon aski. Kifin na murmurewa ya hango kansa a madubi, ya buɗe kumatu, ya kumbura, ya tasam ma hotonsa. Ya juya, ga wani a wancan bangon. Haka ya wuni yana rigima da kansa, masu jiran layi suna zuga shi, har sai da Ba-Komai ya kare akwatin da tawul.

Daga nan abin ya shiga jininsa. Duk wucewa sai ya leƙa, duk leƙawa sai ya fito da kofi. Da yake namijin beta ba ya zama da ɗan'uwansa, kowa sai da nasa muhalli. Manyan kwalabe suka cika tagar falo, suka hau kan firiji. Ranar da matarsa ta je ɗaukar robar da take jiƙa wanki ta tarar da shuɗin kifi yana harararta, sai ta nemi wuri ta zauna.

"Maigida, tsakaninka da Allah, nawa suka rage a shagon nan?"

"Na kusa kwashe su."

"Tun watan jiya kake kusa kwashe su."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya koma shagon dabbobin, ya tarar da kantar cike da sababbin kofuna, layi bisa layi.

"Saboda kai na ƙaro, Baba," in ji mai shagon yana washe baki. "Ban taɓa samun abokin ciniki irinka ba."

Ba-Komai ya ƙare wa kofunan kallo. Sannan ya dubi gashin mutumin da ya yi buzu-buzu.

"Zo in rage maka, kyauta."

Ya kai shi shagon askinsa, ya zaunar da shi, ya ɗaure masa ƙyalle, ya aske rabin kan tas, ya kashe injin. Daga nan ya jawo kujera ya fara bayani a natse: ruwan da ba a canjawa, sanyin da ke kwantar da su, ƙuncin kofi.

"Baba, ɗaya gefen fa?"

"Za mu zo kansa. Yaushe za ka fitar da su daga kofunan?"

Mai shagon dabbobin ya dubi kansa a madubi ta gaba, ta baya, ta gefe, ya yi alkawari. Bai cika duka ba, amma ya sayo manyan kwalabe, yana canja ruwa, ya kuma koma aski a wata unguwa.

Na gida kuwa, matar ce ta san yadda ta yi da su. Duk baƙon da ya zo, da kwalba yake tafiya, Ba-Komai yana biye da shi har bakin titi yana jaddada masa yadda ake ba da abinci. Ƙanenta da ya saba zuwa cin abincin rana yanzu sai dai ya bugo waya ya gaishe su.