Ni Kaɗai Namiji a Ajin Girki

A gidanmu ba a haifi mace ba. Maza zalla Inna ta jera, ni ne na tsakiya, shi ya sa tun ina ƙarami na san hanyar madafa. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke hura wuta, in ta yi daka ni ke riƙe mata rariya. Amma tukunya ba ta taɓa bari na kusanta ba. In na miƙa hannu sai ta ce, "Tsaya a inda kake, muciya ba ta maza ba ce."

Ƙauyenmu yana gefen Ƙofa, a ƙasar Bebeji. Baba manomi ne, masara da dawa da gyaɗa da damina, da rani kuma ya gangara wajen Bagauda ya yi albasa. Duk ɗan da ya iya ɗaukar fartanya a gidan, Asabar da Lahadi a gona yake yin su, ba a ma tambaya.

Ba mu daɗe da shiga ƙaramar sakandare ba, malamin ajinmu ya shigo wata safiya ya ce mu saurara. Ya ce akwai darussan da dole kowa ya yi, akwai kuma na zaɓi. Ko Larabci ko Faransanci. Ko noma ko tattalin gida, wato girki da ɗinki da kula da iyali.

"Faransanci dai," in ji shi, "malaminsa ya koma garinsu, ba a kawo wani ba. Saboda haka dukanku kun zaɓi Larabci."

Muka yi dariya. Sai ya ce, "Saura ɗayan. Maza ku tashi ku bi malamin noma, mata ku tafi wurin Malama."

Kowa ya miƙe. Ni na ɗaga hannu.

"Malam, ka ce zaɓi ne."

"Zaɓi ne mana."

"To ni tattalin gida nake so."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ajin ya kaure da ihu, wani daga baya ya buga benci. Malam ya tsawatar, ya sake tambayata, na sake faɗa. Ya ce, "Babu dokar da ta hana. Je ka."

Ba don neman suna na yi ba. A shekarar Inna ta yi fama da ciwon baya, in ya kwantar da ita sai gidan ya zama kamar ba mutane. Ga hatsi cike da rumbu, ga maza reras, amma sai mun jira abin da maƙwabta suka miƙo ta kan katanga. Abin yana yi mini ciwo. Noma kuwa ina da malami a gida. Sannan na taɓa leƙa tagar ɗakin Malama na ga keken ɗinki an lulluɓe shi da zane, raina ya biya.

Malama doguwar mace ce 'yar Tudun Wada, ba ta da yawan dariya. Da ta gan ni tsaye a bakin ƙofa, 'yan mata suna ƙunshe baki, sai ta ce, "An aiko ka ne?"

"A'a Malama, ajin na zo."

"Wasa ka zo yi mini?"

"A'a Malama."

"To nan ba a zama. Ga soso can, ga tukunya."

Tukunyar da ta fi kowacce baƙi ta ba ni. Na zauna a bayan aji na goge ta har na ga fuskata a gindinta. Malama ta juya ta, ta duba, ta nuna mini wurin zama a bencin gaba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. A hanya ma an fara kirana amarya, wasu suka ce ɗan daudu. Bayan la'asar Baffa, yayan Baba, ya zo ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Aka kira ni, na durƙusa gefen tabarma.

Baffa ya ce, "Yanzu duk zuriyar nan a rasa wanda zai shiga cikin mata yana tuƙa tuwo sai ɗanka? Gobe da wane ido za mu shiga kasuwa? Ka je ka sa a mayar da shi cikin 'yan'uwansa maza."

Baba bai ɗaga kai ba sai da ya gama buga ƙotar. Sannan ya dube ni.

"Tilasta maka aka yi?"

"A'a Baba."

"Gona kake gudu?"

"A'a Baba, gona ina zuwa."

"To me ka gani a ciki?"

Na faɗa masa zancen ciwon Inna da jiran kwanon maƙwabta. Ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba. Ya ajiye fartanyar. Can ya ce, "Gobe tare za mu tafi makarantar." Baffa ya gyaɗa kai, ya tashi da murnarsa. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, cewa an gama.

Da safe Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, muka taka tare. Firinsifal ya karɓe shi da girmamawa, ya ce ai gyaran ba wuya, yanzu sai a mayar da ni ajin noma. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara nuna mini inda yaron ya zaɓa tukuna."

Aka kai shi ɗakin Malama. Ya yi sallama, suka gaisa, ya tsaya yana duban tukwane da keken ɗinkin. Ya tambaye ta abin da take koyarwa. Ta ce abincin da ke gina jiki, da tsaftar gida da ta ruwan sha, da ɗinki, da jinyar marar lafiya, da yadda ake adana abinci kada ya lalace.

"Akwai abin da addini ya hana namiji a ciki?"

"Babu, Baba."

"Yana mayar da hankali?"

"Jiya kawai na gan shi. Amma ya iya wanke tukunya."

Baba ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "To a bar shi. In ya yi lalaci ki aiko mini. Abin da ya ɗauka da hannunsa ba zai ajiye a rabin hanya ba." Ya juyo gare ni. "Asabar kuma tana nan yadda take."

Ban san abin da suka ƙare da Baffa ba. Na dai lura an ɗauki lokaci in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa.

Koyon bai zo mini da sauƙi ba. Shinkafar farko da na dafa ta kama, ƙauri ya kai har ofishin malamai. Allurar keke ta taɓa shiga ɗan yatsana. Tuwo kuwa ya fi komai wahalar da ni, kullum sai ya yi gudaji. Wata yarinya da ta fi kowa yi mini dariya a ranar farko ita ce ta gaji da kallona, ta ƙwace muciyar ta ce, "Kai da ƙarfi kake yi, kamar kana huɗa. Bari talgen ya dahu tukuna, sannan ka riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan." Ta nuna mini yadda ake danna muciya a jikin tukunya. Daga ranar tuwona ya fara kama hanya. A gida kuwa Inna tana jin labari tana dariya, ta karɓi facin da na yi wa rigunan ƙannena ta yaba, amma tukunyarta tana nan a hannunta.

Tsokana ba ta tsaya ba. Na yi faɗa a filin ƙwallo, aka yi mana bulala ni da wanda muka yi. Daga baya na koyi wucewa kawai.

Muna aji uku, kaka ta yi, masarar Baba ta yi kyau ƙwarai. Ya kira gayya don a karye ta, mutane suka amsa. Ana gobe gayyar, da hantsi, sai ga ɗan aike daga wani ƙauye a ƙasar Doguwa, kusa da dajin Falgore, inda Inna ta fito. Ya ce jikin mahaifiyarta ya tsananta, ana nemanta. Matar Baffa kuwa tana jego, matan maƙwabta da yawa sun tafi biki Kiru. Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce sai dai a bi mutane a ba su haƙuri a ɗaga gayyar, don ba a tara maza a gona a bar su da yunwa.

Inna tana ɗaure kayanta, idonta ya yi ja. Ba ta ko juyo ba ta ce, "A ɗaga saboda me? Ga shi nan."

Ta shiga madafa ta fito da babbar muciyarta ta miƙo mini. Ta nuna mini inda daddawa take da garin kuka, ta ce, "Babbar tukunya tana bayan rumbu. Kada ka bar wuta ta mutu a ƙarƙashin talge." Ta hau bayan mashin ɗin ɗan aiken suka tafi.

Baba ya dube ni. "Za ka iya?"

"Zan iya, in sha Allahu."

Ban taɓa girki a tukunya mai girman wannan ba. Washegari na fara da kunu na aika gona, sannan na ɗora sanwa. Da na zo tuƙi sai da na tsaya a tsaye na kama muciyar da hannu biyu, hayaƙi yana shiga idona, zufa tana zuba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ƙafa ta hana ta zuwa bikin, ta leƙo ta kan katanga tana kallona. Na jira ta ce wani abu. Sai da na rufe tuwon ya turara sannan ta ce, "Janye itacen nan ɗaya," ta koma. Na kaɗa miyar kuka, na kwashe tuwo da mara na jera malmala a manyan kwanuka, muka ɗora a baro ni da yayana muka tura har gona.

Mutane suka ajiye aiki suka taru a inuwar ɗorawa. Na tsaya daga gefe ina zuba musu ruwan wanke hannu. Aka fara ci, ba mai magana sai ƙarar kwano. Baffa ya yi loma ya sake yi, sannan ya ɗaga kai.

"Ba an ce mai ɗakinka ta tafi Doguwa ba? Wa ta yi tuwon nan?"

Baba ya ce, "Ɗana ne ya yi."

Bai faɗa a hankali ba. Ya faɗa yadda na can ƙarshen inuwa ma zai ji. Wasu suka juyo suka dube ni. Wani saurayi ya fara dariya, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya mayar da kansa kwano. Baffa ya tauna, ya haɗiye, ya ce, "Miyar ta ɗan ji gishiri." Gaskiya ya faɗa, hannuna ya zarce. Sai ya turo kwanonsa gabana ya ce, "Ƙaro mini."

Ba a bar ko malmala ɗaya ba. Da aka tashi na tattara kwanuka a gindin bishiya, na shiga layi muka ci gaba da karyar masara har rana ta yi sanyi. Baba bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Amma kalmar nan da ya faɗa a gaban mutane ta ishe ni. Har yau in na tuna yadda ya ce ɗana, sai in ji ƙirjina ya cika.

Inna ta daɗe a can tana jinya, Allah ya ba kakarmu lafiya. Duk tsawon lokacin ni na riƙe tukunyar gidan, kafin makaranta da bayan an tashi. Da ta dawo ta karɓi kayanta, sai dai in bayanta ya motsa takan kira ni ta kwanta abinta. A jarrabawar gwaji ta ƙarshen aji uku dambu ya faɗo mini, na yi, na ci da kyau. Sunan amarya bai bar ni ba har na gama makarantar, amma a 'yan ajin da ke bayanmu an sami maza da suka shiga wurin Malama, ba kuma wanda ya je gidansu ya kai ƙara.

Muna gab da gamawa aka yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa Kiru. Da Baba ya ji, ya ce ba za ta tafi ba mu yi mata sallama ba. Ya ɗaure albasa da masara a bayan kekensa, ni ina tafe a gefe, muka je gidan da take zaune a cikin Ƙofa. Maigidanta ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta fito ta durƙusa ta gaishe da Baba.

Ya ce, "Malama, mun gode. Kin riƙe mana amana."

Ta ce, "Baba, ai shi ya riƙe kansa. Ni tukunya kawai na ba shi." A ranar na fara ganin haƙoranta a dariya.

Da muka fito, an sauke kaya, keke ba komai. Baba ya kama sirdi kamar zai hau, sai ya fasa ya turo mini.

"Hau ka tuƙa, ƙafata ta gaji."

Ban taɓa ɗaukarsa ba. Ya zauna a baya ya dafa kafaɗata, keken ya yi tangaɗi kafin ya daidaita. Na so in bi ta bayan gari, ya ce in miƙe ta cikin kasuwa. Haka muka ratsa, ina taka feda da ƙyar, shi kuwa yana ta ɗaga hannu yana gaisawa da mutane, rumfa bayan rumfa, har muka hau hanyar gida.