Ruwan da Aka Hana Inna

Da bazara aka yi wa Inna aiki a ciki, a wani asibiti kusa da Ɗambatta, ni nake jinyarta. Da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, nas ta ja mini kunne: ko ɗigon ruwa kada ta haɗiye sai hanjinta ya motsa. Ta ba ni auduga, ta ce in jiƙa in riƙa shafa mata a leɓe.

Nas ɗin 'yar birni ce, ina ta san mu? A ƙauyenmu ba a kai wa mutum jiƙaƙƙiyar auduga baki sai yana gargara. Inna kanta ta yi wa mutane da yawa haka.

Wajen azahar ta farka, leɓenta ya tsage, tana kiran ruwa. Na shafa mata. Ta buɗe ido ta dubi audugar, ta dube ni, sai ta kama kalmar shahada. Wata cikin matan da ke jinya a sauran gadajen ta fara salati.

"Inna, ba haka ba ne, magani ne," na ce. Ko saurarona ba ta yi ba, bayana take kallo.

"Matsa mana," ta ce. "Ga Yaya ta kawo mini a moɗa."

Yayarta ta shekara bakwai a kabari. Bayana bango ne. Ni ba matsoraciya ba ce, amma na ji ƙeyata ta yi sanyi kamar na jingina da randa. Na ƙi juyawa, na ƙi matsawa. Haushi ma ya kama ni: mun kawo ta nan da ƙyar, sannan a zo a janye ta da moɗar ruwa?

Haka muka wuni. Ta roƙe ni, ta zage ni, ta ce ba ta haife ni ba. Na yi kuka, amma ban ɗaga daga bakin gadon ba, sallolina ma a zaune na yi su.

Washegari likita ya saurari cikinta, ya ce a ba ta ruwa cokali biyu. Ta haɗiye a hankali, ta leƙa bayana.

"Ta gaji ta tafi," ta ce. "Ba don ke ba, da na sha."

Har yau ban sani ba ko godiya ta yi mini.