Jan Biron Gwaggo a Takardar Sakamako

Ka taɓa ganin jan biro ya kusa sa a ƙone aji? Ni na gani, a hannun Gwaggo, yayar mahaifina, ranar zaɓen majalisar dokokin jiharmu.

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi tana koyar da lissafi a aji biyu na firamare. Na taɓa zama na ƙiyasta, yara sun haura dubu ɗaya da ɗari uku da suka koyi tarawa da ɗebewa a hannunta. Ba ta fita sai da jan biro a jaka, kuma idonta ba ya tsallake kuskure. Allon shagona na kayan gini ma sau biyu ta sa aka sake rubuta shi. Da hukumar zaɓe ta nemi wanda zai riƙe rumfar unguwarmu, ita aka ɗauka, aka ajiye akwatin a ajinta.

Jam'iyya biyar ce a takarda, amma karon na biyu ne, 'yan Tsani da 'yan Fitila. Ƙarfe huɗu na yamma aka gama ƙirga: Tsani 147, Fitila 139, sauran ukun suka raba goma sha ɗaya. Gwaggo, wadda tun safe ko ruwa ba ta kurɓa ba, ta zauna cike takardar sakamako, sai ta rubuta wa Tsani 174. Nan take ta lura. Kafin ta yi tunani ta zaro jan biro, ta soke, ta rubuta 147 a sama, kamar littafin ɗalibi ne a gabanta.

Wakilin Tsani, wani mai gyaran janareta da ake ce wa Dogo, ya doki benci.

"Jama'a, ta zaftare mana ashirin da bakwai! Ga shi nan da jan biro!"

Wakilin Fitila, da yake su aka kayar, ya ce a soke rumfar baki ɗaya.

Taga huɗu ce a ajin, ina tsaye a ta uku. Na ƙirga kawuna har tamanin, na bari. Ɗan sanda ɗaya tal aka ba mu, shi ma ya laɓe bayan ƙofa yana latsa waya. Dutse ya shigo ya tarwatsa agogon bango. A bayana wani ya ce a kawo fetur, na kasa waiwayawa in ga ko wane ne.

Gwaggo ta miƙe tana dafa tebur, ta ɗauki alli.

"Dogo, ba ni na koya maka lissafi ba?"

"Ke ce, Malama. Shi ya sa ba a cutata."

"To zo ka ɗaga ƙuri'unku ɗaya bayan ɗaya. Ku na taga, ku ƙirga da ƙarfi, irin na 'yan aji biyu."

Mu uku muka fara. A ashirin rabin taron na ƙirgawa, a hamsin har muryar mai neman fetur na ji a ciki. Duk goma sai ta ja layi a allo, sau biyu allin yana karyewa a hannunta. Layi goma sha huɗu, da bakwai a gefe. Dogo ya juya tafin hannunsa, babu saura. Ya nemi baƙin biro ya sa hannu kusa da gyaran, sauran wakilan suka bi shi.

Bayan kwana biyu aka bayyana sakamakon jiha: cikin kujera talatin Tsani ta samu goma sha shida, Fitila goma sha uku, wata ƙarama ta tsira da ɗaya. Gwaggo kuwa kwana tara ba ta leƙa waje ba. Har yau idan babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ta katse magana ta kasa kunne. Hukumar ta sake nemanta, Gwaggo ta ce ta gode, ba za ta ƙara ba.

Don Allah, zaɓe mai zuwa, idan ka dangwala kada ka wuce gida. Nemi taga ka tsaya, ka ƙirga da bakinka tun daga ƙuri'ar farko.