Lambun Aukje Cikin Minti Biyu

Sjoerd Wiersma maƙwabcina ne a garin Franeker, shinge ɗaya ya raba mu. Shekara talatin ya yi yana kula da kwamfutocin wani kamfanin madara kafin ya yi ritaya. Ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa shiri da linzamin kwamfuta ba. Komai zai yi, sai ya buɗe baƙin allo ya rubuta umarni.

Da matarsa Aukje ta fara lambu a bayan gida, sai ya kafa 'yar kyamara a tagar falo. Kullum da tsakar rana takan ɗauki hoto ɗaya, kowane hoto da lambar ranarsa. Aukje takan yi masa tsiya: "Maigida, dankalin nan fa ba guduwa zai yi ba." Shekara tara ana haka.

Sai ciwon huhu ya kwantar da ita. Aka sauko da gadonta falo, aka kawo na'urar numfashi. Soket ɗin lantarki ɗaya ne kusa da gadon, don haka ya zare wayar kyamara. Kwana hamsin da uku Aukje ta yi a nan. Ranar da aka binne ta ya mayar da wayar.

Bayan wata huɗu na leƙa shi, na tarar da shi gaban allo. Fenna, 'yarsu da ke aure a Ghent, ta roƙe shi ya haɗa hotunan su zama bidiyo.

Bai ko juyo ba ya ce, "Ya ƙi."

"Me ya ƙi?"

"Abin haɗawar. Lamba yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo inda babu sai ya tsaya, a zatonsa an gama."

Na ce, "To ka bar shi a nan mana, maƙwabci."

"Fenna cewa ta yi duka."

Ya rubuta layi ɗaya wanda ya sake wa hotuna dubu uku da wani abu lamba, ba giɓi. Ya sake ba da umarni. Rubutu ya yi ta gudu a allon, sannan bidiyon ya fara.

Hoto ashirin da biyar ne a kowace daƙiƙa. Ƙanƙara ta rufe ƙasa, ta narke, kore ya taso, ya bushe. Itacen tuffa ya yi ta miƙewa. Jefi-jefi shuɗiyar rigar Aukje ta gifta, kafin ka gane ta ta ɓace. Dab da ƙarshe, ƙasa fayau ta watan Fabrairu ta koma ciyawa lokaci guda.

Na ce, "Ya ka ji?"

"Shekara ta huɗu ta ɗan yi duhu. Ban wanke gilashin ba."

Ya tura wa Fenna. Ba a jima ba ta kira, ina jiyo kukanta daga inda nake. Ya riƙe wayar yana cewa "To. To, 'yata." Can ya rufe bakin wayar da hannu, ya ce mini bidiyon ya yi nauyi, gobe zai rage shi.